Hutun iyali a bakin tekun Ingila: inda za ku kama gida, da inda yaro zai ga tsuntsaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Lesta (Leicester) da iyalina, shekara uku ke nan ba mu taɓa fita hutu ba. Bana mahaifiyata ta zo mana daga Haɗeja, muna so mu kama ɗan gida na mako guda a bakin teku lokacin dogon hutun makaranta. Mu shida ne: ni da uwargida da Hajiya da yara uku, masu shekara 12 da 8 da 4. Babban ya kamu da son kallon tsuntsaye har ya hana mu sakat. Ina ya dace mu je, kuma me za mu lura da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya mana yaran. Aikina ƙidayar tsuntsaye ne da sanya musu zobe a ƙafa. A fadamun gida na fara kafin rabo ya kawo ni ƙasar nan, kuma na sha kai nawa iyalin irin hutun da kake magana. In za ka bi ta tawa, ku nufi gaɓar arewacin Norfolk, tsakanin garin Hunstanton da Cromer. Daga Lesta titin A47 zai ɗauke ku ta Peterborough har King's Lynn, daga nan ku hau A149 mai bin gaɓar teku. Awa biyu da 'yan kai ne in hanya ta yi kyau. Cornwall da Northumberland sun fi shi kyau a hoto, ban musa ba, amma ba zan sa ka ɗora dattijuwa da ɗan shekara huɗu a mota awa huɗu ko biyar ba, alhali cibiyar masu kallon tsuntsaye ta Ingila tana nan a gefenka.

Kafin maganar gida, ga abin da nake so ka riƙe da kyau: a wannan gaɓa teku ne zai riƙa tsara muku yini. Mu da muka tashi da kogi da tafki mun saba ruwa ya cika da damina, ya janye da rani. Nan kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya. Tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne, saboda haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Ƙasar wurin a shimfiɗe take kamar faifai. In ruwa ya janye sai ya tafi can nesa, a wasu wuraren fiye da kilomita ɗaya, ya bar rairayi da taɓo. In zai dawo kuma ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba, yakan bi ta kwaruruka ya zagayo ta bayan mutum, kana tsaye a busasshen rairayi kana ɗaukar hoto, ka waiwaya ka ga ruwa tsakaninka da tudu. A Brancaster akwai gawar wani tsohon jirgin ruwa mai suna Vina da ake hangowa in ruwa ya janye. Ya sha jawo mutane su taka zuwa wurinsa, ruwa ya rutsa da su. Ku kalle shi daga nesa. A Wells kuma akwai jiniya da ake kaɗawa in ruwa ya fara dawowa, in kun ji ta ku tattara yara ku koma ɓangaren tudu, ba sai an ƙarasa ginin gidan ƙasa ba. Jadawalin cikar ruwa yana intanet kyauta, ana kuma sayar da ɗan littafinsa a kantunan garuruwan. Ka sa babban yaron ya zama shi ne mai duba shi kowane dare.

Akwai wani sauƙi da mu muke da shi wanda yawancin Turawa sai sun buɗe waya. Wata ne ke jan ruwan teku, kuma cika mafi girma tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da bayan cikarsa. Ke nan a lissafin watan Musulunci, daga ƙarshen wata zuwa 3 ga sabo, sai kuma daga 14 zuwa 17. Hajiya ma za ta iya gaya maka ranakun ba tare da kalanda ba. Dalilin da ya sa na kawo wannan zai fito in mun zo kan Snettisham, amma tun yanzu, in kana da zaɓi tsakanin makonni biyu, ɗauki wanda ya faɗo a waɗannan kwanaki.

To gida. Abin da suke kira kotej a can yawanci tsohon gidan masunta ne ko na 'yan ƙodagon gona, an gina shi da ƙanƙarar dutse, an yi masa rufin jan tayil. Suna da kyau ƙwarai, amma an gina su ne tun zamanin da ba a damu da gwiwar tsofaffi ba. Matakalar benen wasunsu a miƙe take tana murɗawa kamar ta hasumiya, ƙofofi gajeru, banɗaki ɗaya tak kuma a sama. Don haka tambayarka ta farko ga mai gida ita ce: akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa? In babu, wuce, komai kyansa. Hajiya za ta yi alwala sau biyar a yini, ba za ta yi ta hawa da sauka ba. Gidan da ba bene ba, ko rumbun gona da aka mayar gida, ya fi muku tsohon kotej mai tarihi. Ka kuma nemi wanda aka rubuta yana ɗaukar mutum shida ko fiye, domin a lissafinsu ɗan shekara huɗu mutum guda ne, kuma wuce adadin da aka rubuta karya yarjejeniya ne. Irin namu na a shimfiɗa tabarma a falo kowa ya samu wuri ba ya aiki a nan.

Tambaya ta biyu ita ce kare. Norfolk wurin masu karnuka ne, gidajen haya da yawa da shi suke talla. Na taɓa kama wani ban duba ba, muka isa da yamma muka tarar da gashi a kan kujeru da kafet, uwargida ta ƙi shimfiɗa sallaya ko'ina sai a kicin, muka kwana muna shara. Shafukan haya suna da wurin tace gidajen da ba a yarda da dabbobi ba, yi amfani da shi, sa'an nan ka sake tambaya a rubuce. Ta uku, wurin ajiye mota. Lungunan Wells da Blakeney da Cley matsattsu ne, gidan da ba shi da filin mota nasa zai sa ka riƙa sauke kaya a nesa. Kada kuma ka bar mota ta kwana a filin bakin kwata na Blakeney a kwanakin babbar cika, ruwa yana hawowa har kan filin, kuma ya sha cin motocin baƙi.

In ka ga an rubuta cewa ana hango teku daga gidan, kada ka ɗauka ƙofa za ka buɗe ka taka rairayi. Daga Cley zuwa Brancaster akwai fadamar gishiri mai faɗi tsakanin ƙauyuka da ruwa. Ga ɗanka wannan riba ce, don tsuntsayen a fadamar suke. Ga ƙannensa kuwa sai an shiga mota kafin a je wasan ƙasa. Shi ya sa ni a wurinka Wells-next-the-Sea zan zaɓa ko kewayensa. Yana tsakiyar gaɓar, yana da kantuna da kemis, rairayinsa mai laushi ne, bayansa ga dajin itatuwan fayin mai inuwa, ko da yake tsakanin gari da bakin ruwan akwai tafiyar kamar mil guda. In kuɗi ya yi tsauri, duba Hunstanton ko Heacham a yamma, ko Sheringham a gabas, ko kuma ka ja baya mil biyar ko shida cikin ƙauyukan tudu wajen Fakenham. Farashi yana sauka da zarar ka bar gaɓa, kuma minti goma sha biyar zuwa ashirin ne a mota. Burnham Market kam bar wa masu kuɗin Landan.

A watan Agusta yawancin gidajen mako cikakke ake bayarwa, daga Juma'a zuwa Juma'a ko Asabar zuwa Asabar. Ɗauki na Asabar, don kada ranar tafiya ta ci maka sallar Juma'a sau biyu. Akan shiga da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a fita ƙarfe goma na safe. Za a karɓi kafin alƙalami, a nemi cikon kuɗin makonni kafin ranar zuwa, kuma masu kyau tun cikin hunturu ake kame su. Ka bi ta kamfanin haya sananne, ka biya da katin bashi, domin dokar ƙasar ta 1974 tana ba mai saye kariya a kan abin da kuɗinsa ya wuce fam 100 har zuwa fam 30,000. Wanda ya tallata maka gida a Facebook da rabin farashi ya ce ka tura kuɗi asusunsa yau-yau, ka san araha ba ta ado. Wata dabarar da mutanenmu ke yi, ta cire yara daga makaranta mako guda kafin hutu don a samu rangwame, ban ba ka shawararta ba. Tun Agustan 2024 tarar ta koma fam 80 a kan kowane yaro ga kowane mahaifi, ta zama 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba.

Abinci kuwa ku yi cefanenku a Lesta, don ba za ku samu irin kasuwarku a can ba. Nama na halal, shinkafa, manja, yaji, daddawa da kuka ta Hajiya, duk a zuba a kula a taho da su. Kicin ɗin gidan zai zo da tukwane da kasko, amma an soya naman alade a cikinsu ba adadi. Wankewa tana tsarkake su, sai dai na san halin iyayenmu, hankalin Hajiya zai fi kwanciya in ta ga tukunyar gida da muciyarta. Ku taho da buta biyu. In za a yi suya a buɗe taga a kunna fankar murhu, na'urar hayaƙin gidajen nan ba ta da haƙuri da soya albasa. Kifi da dankali na kan titi yana da daɗi a gaɓar nan, amma ka tambaya da wane mai ake suya, ko ana haɗa shi da tsiran alade a kasko ɗaya, ko kuma an kwaɓa fulawar da giya. Tambaya ce da suka saba ji, ba mai jin haushi. Alƙibla tana kudu maso gabas. Masallacin Juma'a sai Norwich ko King's Lynn, kowanne tafiya ce ta kusan awa guda daga Wells. Tun da mako za ku yi, a Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku cika salla yake yi, kasaru a hanya ne kawai.

Yanzu ga abin da ya sa yaron ya hana ku sakat.

Ku fara da Titchwell, washegarin isarku. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ce ke da shi tun 1973, kuma ban san wurin da ya fi shi dacewa da iyali ba. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kamar kilomita guda daga ofishin baƙi zuwa bakin teku, a shimfiɗe, keken yara da keken marasa lafiya duk suna bi, ga kujerun hutawa. A wannan 'yar tafiya za ku ratsa kurmin dogayen ciyayin fadama irin kacallarmu, ku wuce tafkin ruwan daɗi, ku wuce na ruwan gishiri, ku ɓulla kan rairayi, kuma kowanne da irin tsuntsayensa. Akwai banɗaki da wurin shan shayi, ana ba da hayar madubin hangen nesa. A gefen hanya akwai rumfunan kallo na katako masu tagogi, inda mutum zai zauna tsuntsu bai gan shi ba. Can zai ga abosat, fari da baƙi mai dogayen ƙafafu da siririn baki da ya lanƙwashe sama, wanda ke jikin tambarin RSPB. Ya daina haihuwa a Birtaniya wajen shekara ɗari, sai a 1947 ya dawo gaɓar Suffolk bayan an cika wasu filaye da ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Zai ga shahon fadama yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa. A 1971 mace da namiji ɗaya tak suka rage suna haihuwa a duk ƙasar, yau kuwa da wuya ka yini a Titchwell ba ka ga ɗaya ba. Akwai kuma bitan, ɗan'uwan zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa, wanda kukansa kamar a hura iska a bakin kwalba. A 1997 maza 11 kawai aka ji suna kuka a Birtaniya gaba ɗaya. Shi kam kada ka yi wa yaro alkawarinsa, ni ma na sha komawa gida ban gan shi ba. In ruwa ya janye sosai, a rairayin wani lokaci ana ganin ragowar tankokin yaƙi, don wurin filin koyon harbi ne a da. Wannan zai riƙe maka ɗan shekara takwas.

Cley, wanda ake furtawa Kilai, shi ne na Hajiya. Wani likita, Sydney Long, shi da abokansa suka sayi fadamar a 1926 don a bar wa tsuntsaye, kuma daga nan ƙungiyar kare namun dajin Norfolk ta samo asali. Ofishin baƙinsa yana kan ɗan tudu, da manyan tagogin gilashi masu kallon fadamar baki ɗaya. Dattijuwa za ta zauna cikin ɗumi da kofin shayi tana kallo, ku kuma ku sauka rumfuna. Bakin tekun Cley tsakuwa ne kuma yana da gangara, ba na wankan yara ba ne.

Ina so ka zaunar da ɗanka kusa da kakarsa a wannan taga, don akwai abin da ita ta sani wanda littafinsa bai sani ba. Da yawa daga tsuntsayen nan baƙinmu ne. Kamar yadda shamuwa ke zuwa mana da damina ta tafi da kaka, haka waɗannan suke zuwa Turai da bazara su haihu, sanyi na shigowa su tsallaka Sahara su sauka wajenmu. A Agusta za ku tarar da raf, mai dogayen ƙafafu da ɗan ƙaramin kai, wanda namijinsa ya fi macen girma sosai. Yana kan hanyarsa ne daga arewacin Turai, kuma irinsa ne ke sauka dubbai a fadamun Haɗeja da Nguru da rani suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Akwai 'yar ƙaramar agwagwar ruwa, gagani, ita kaɗai ce a agwagin Birtaniya take zuwa da bazara ta koma Afirka da hunturu, kuma tafkin Chadi da fadamun kogin Neja na Mali da na kogin Senegal su ne masaukinta. Cikin ciyawar gefen hanya akwai ɗan tsuntsu mai yawan surutu da farar gira, nauyinsa bai fi giram 12 ba. Kafin ya tashi yakan cika cikinsa da ƙananan ƙwari har nauyinsa ya kusa ninkawa, sa'an nan wasunsu su yi tafiyar sama da kilomita 3,000 ba sauka. Tsattsewar teku da za ku ga tana faɗawa ruwa da ka tana cafke kifi, ita kuma gaɓar Senegal da Ghana take nufa. Har balbela ma yanzu tana Norfolk tana bin shanu a makiyayar Holkham. Sai a 2008 ta fara haihuwa a Ingila. Ranar da na fara ganinta a can, Turawa sun jeru da manyan kyamarori suna rawar jiki, ni kuwa dariya ta kusa kashe ni.

Wannan dangantaka ta taɓa bayyana ta hanya mai ɗaci. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cike da kowane shinge, ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Aka bincika a gida ba a ga dalili ba. Ashe ruwan sama ne ya gaza a Sahel a 1968, farkon farin da ya tsananta a 1972 da 1973, wanda Hajiya ba ta buƙatar a ba ta labarinsa. Tsuntsayen sun rasa abin da za su yi guzuri da shi su tsallake hamada. Haka nan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja, abin da ya taɓa manomi da masunci da makiyayi, ya kuma taɓa tsuntsun da ɗanka zai gani a Cley.

Snettisham shi ne dalilin lissafin wata. Yana gefen Wash, wani makeken mashigin teku mai taɓo inda dubun dubatar tsuntsaye ke kiwo. In babbar cika ta zo, ruwa yana shafe taɓon kaf, sai ya riƙa kora su gaba-gaba har su rasa wurin tsayawa, su tashi gaba ɗaya. Yawancinsu wani ɗan tsuntsu ne mai launin toka da ake kira not, wanda ke zuwa daga Girinlan da arewacin Kanada. Suna murɗawa a sama kamar hayaƙi, su juya ciki su yi fari fat, su juya baya su yi duhu, su wuce ta kan mutane da ƙarar fukafukai kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Wanda ya taɓa ganin jan baki sun taso wa gonar dawa zai gane siffar, sai dai wannan karon ba mai kuka. A Oktoban 2020 an ƙidaya kimanin 140,000 a wurin. A Agusta ba su kai haka ba, amma sun fara taruwa, kuma abin da za ku gani ya isa. A Wash babbar cika da sassafe take zuwa ko da yamma, kuma ba kowace ce ke kaiwa ba, saboda haka RSPB tana fitar da ranaku da sa'o'in da suka dace. Duba su kafin ka biya kuɗin gida, ka kuma duba ko sai an yi rajistar wurin mota. A isa awa ɗaya da rabi kafin cikar. Daga filin mota akwai tafiyar fiye da kilomita biyu, babu shago babu inuwa. Wannan fitar taka ce kai da babban, bayan sallar asuba. Sauran a bar su su yi barci.

Ranar da kowa zai ji daɗi tare ita ce ta kwalekwale. Daga kwatar Morston ake tashi zuwa Blakeney Point, wani dogon harshen tsakuwa mai mil huɗu da ke hannun National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da filaye, tun 1912. Ana zuwa ne don sil, dabbar ruwa mai kama da ayu, suna kwance a rairayi suna shan hantsi, wasu su leƙo kai kusa da jirgi. Wurin ne mafi yawan sil masu launin toka a Ingila, ana haifar dubban 'ya'ya a shekara, amma haihuwarsu daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Janairu. A lokacin hutunku wani irin sil ɗin daban ne ke da jarirai. Tafiyar kamar awa guda ce, lokacin tashi kuma kullum yana canjawa da ruwa, sai an kama wuri tun da wuri. A sa rigar sanyi ko da rana ta take, iskar kan ruwa daban ce.

Kada ka mayar da hutun makarantar tsuntsaye. Awa biyu da safe sun isa, sauran yinin na rairayi ne da kamun ƙaguwa. A kwatar Wells da Blakeney da gadar Cromer yara kan jeru da bokiti da zare suna jawo ƙaguwa, su ƙirga, su mayar ruwa. Abin da aka saba ɗaurawa a zaren naman alade ne, ku sai ku nemi guntun kifi ko fatar kaza, ƙaguwa ba ta tambaya. A riƙe ƙaramin da kyau, bakin kwatar ba shinge. Wanka kuma sai inda masu ceto na RNLI suke, tsakanin tutoci masu ja da rawaya, kamar Wells da Sheringham da Cromer. Ruwan ko a Agusta bai cika wuce digiri 17 ba. Kada a sa yaro a kan balan-balan ɗin iyo in iska tana kaɗawa daga tudu zuwa teku. In wani abu ya faru a kira 999 a nemi masu gadin gaɓa. Ranar da aka tashi da ruwan sama, akwai tsohon jirgin ƙasa mai tururi daga Sheringham zuwa Holt.

Ka ja kunnen yaran a kan abu uku. Dokar 1981 ta hana taɓa tsuntsun daji da sheƙarsa da ƙwansa, don haka danƙon harbi ba shi da wuri a jaka, kuma inda aka kewaye rairayi da igiya ƙwai ne a ƙasa masu kama da tsakuwa. Mushen tsuntsu ba a taɓa shi, murar tsuntsaye ta yi ɓarna sosai a gaɓar nan a 2022. Sai manyan fararen tsuntsayen nan na bakin teku, waɗanda nake kira shirwar Turai: kada a ba su abinci, kuma mai cin dankali ya sa bango a bayansa, don ta baya suke kawo sura.

Madubi kada ka yi gaggawar saye. Ku yi haya a Titchwell ya gwada. In za ka saya, mai lamba 8x32 ya fi dacewa da hannun ɗan shekara 12, babba kuma 8x42. Masu arha da ake cika baki suna kusanto da abu sau ashirin ko talatin, rawa kawai suke yi a hannu. Manhajar Merlin kyauta ce kuma tana gane tsuntsu da kukansa, amma a sauke bayanan tun a gida, sabis yana wahala a ƙauyukan. A rumfa a yi magana ƙasa-ƙasa. Za ku iya zama ku kaɗai ne baƙaƙen fata a wurin, za a ɗan kalle ku, amma a abin da na gani masu kallon tsuntsaye mutane ne masu son a tambaye su. Yaro ya gaida dattijon da ke da babban madubi mai ƙafa uku ya tambaye shi me ake gani yau. Sau da yawa zai sauke masa madubin daidai tsawonsa, ya riƙe shi da bayani har sai kai ka gaji.

Ka saya masa ɗan littafin rubutu mai kauri. Kowane tsuntsu ya rubuta rana da wuri da adadi, a gefe kuma ya bar fili don sunan da kakarsa za ta ba shi, ko na wanda ta ce ya yi kama da shi, zalɓe ne ko kirinjijiya ko dinya ko kazar ruwa. In ya hango mai zoben roba mai launi a ƙafa, ya rubuta launin da harufan da ƙafar da yake, a aika ta shafin masu sa zobe na Turai, sukan dawo da tarihin tsuntsun duka, inda aka sa masa da inda aka taɓa ganinsa. A hanyarku ta komawa Lesta za ku wuce ta gefen Sandringham, gidan hutun sarautar Ingila, inda Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, ya yi yawancin zamansa bayan ya ajiye aiki a 2017. Shi ɗin ya taɓa zuwa Dagona a ƙasar Bade, cikin jihar Yobe ta yanzu, a 1989, don ganin tsuntsayen nan a masaukinsu na rani. In Allah ya kai ku gida hutun Disamba, lokacin ne suka cika fadamun. Daga Haɗeja ba nisa, ka tambayi mutanen gari halin hanya, ku fita da sassafe da wannan littafin.